Yadda Ake Haɗa Irin Kaji a Gida Domin Samun Nama

Kazar Hausa Allah Ya hore mata juriyar zafi da iya kiwon kanta a bola da gindin danga, ga ta kuma gwanar kwanci, sai dai ba ta da jiki. Zakaran turawa kuwa yana da ƙirji da cinya, amma rana ɗaya ta bazara tana iya kwantar da shi. Manufar haɗa su ita ce a sami 'ya'ya ruwa biyu waɗanda suka gaji ƙarfin uwa da girman uba.

Sharaɗi na farko shi ne zaɓen zakara, kuma a nan ne akasarin mutane ke kuskure, domin sukan ɗauko farin zakaran gidan gona, irin wanda ke kai kilo 2 cikin mako 6, alhali kuwa nauyinsa kan hana shi hawan kaza, ƙafafunsa ba su da ƙwari, shi kansa kuma haɗe-haɗe ne, don haka 'ya'yansa ba lalle su yi kama da shi ba. Abin da ya fi dacewa shi ne zakaran Noiler ko makamancinsa, wanda ya kai wata 7 ko 8, mai jan zanko, mai faɗin ƙirji, wanda ba ya ɗingishi. Kajin kuma a zaɓi manya, waɗanda aka riga aka shaida suna kwanci ba su tashi daga kan ƙwai.

Daga nan wajibi ne a raba su da zakarun gida, ko a sayar ko a yanka, a killace kajin tare da sabon zakaran kamar mako 3 kafin a fara tara ƙwai, saboda kaza takan riƙe irin zakaran da ya hau ta har kusan mako 2, wanda ya yi gaggawa kuwa sai ya wayi gari da 'yan tsakin zakaran maƙwabta. Zakara ɗaya ya wadaci kaji 8 zuwa 10.

Ƙwan da za a sa wa kaza kada ya wuce kwana 7 a ajiye, kada a wanke shi, a kife tsininsa ƙasa a wuri mai sanyi, a zuba mata 10 ko 12 gwargwadon faɗin fikafikanta. A kwana na 10 sai a haska kowane da tocila cikin duhu. Wanda aka ga jijiyoyin jini a cikinsa a mayar, wanda ya yi garau a fid da shi. Ran kwana 21, in Allah Ya yarda, za ta ƙyanƙyashe.

'Yan tsakin a tsare su a akurki makonnin farko saboda shirwa da sanyin asuba, a ba su ɓarzajjen masara da ƙuli-ƙuli ko gasasshen waken soya, da gara idan ta samu, a kuma ɗiga musu rigakafin annobar nan da ke share kaji lokacin hunturu, irin wanda cibiyar Vom ta kusa da Jos ke yi. Ba za su yi saurin na gidan gona ba, amma cikin wata 4 ko 5 sun isa yanka.

Zakarun cikinsu duka na tukunya ne ko kasuwa, kada a bar su su hau 'yan'uwansu, domin a zuriya ta biyu girman yakan ja baya. Idan an ajiye 'yan matan don kwanci, sai a musanya uban da wani zakaran daga gida mai nisa wanda ba su haɗa jini ba.