KUNYA BA TA HANA NEMAN MAGANI: DARASI A KAN SANKARAR MAMA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Jiki amana ne, kuma Annabi (S.A.W.) ya umurci bayin Allah da neman magani. Malaman jihadi sun riƙe wannan umurni. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a Boɗinga, ya wallafa Masalihul Insan a kan gyaran addini da lafiyar jiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya yi littattafai a kan magani. Saboda haka bai kamata jikokin almajiransu a Boɗinga da Shagari su bar cuta ta ci matansu a ɓoye ba.

Cutar ita ce sankarar mama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mata miliyan 2.3 suka kamu da ita, kimanin 670,000 suka rasu. Sau da yawa takan fara da ɗan kullutu marar zafi a nono ko a hammata. Wani lokaci kan nono ya shige ciki, ko ya riƙa fitar da jini, ko fatar ta yi kamar ɓawon lemo. Rashin zafin nan shi ke yaudarar mata, sai a tsaya jiƙe-jiƙe da sakiya, ko a ce sammu ne, har cutar ta yaɗu. In kuwa an gano ta da wuri, galibi ana warkewa.

To, mene ne abin yi? Kowace mace ta duba nononta sau ɗaya a wata, bayan wankan haila. In ta ji wani canji ta hanzarta zuwa asibitin garinsu. In da bukata za a tura ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Wadda ta kai shekara 40 ta tambayi likita batun ɗaukar hoton nono. Ba kowane kullutu ne sankara ba, amma gwaji kaɗai ke rarrabewa.

Game da al'aura, malamai sun bayyana cewa likita mace ita ce ta fi dacewa. In babu, lalura ta halatta namiji ya duba gwargwadon bukata, a gaban miji ko muharrami. Mijin da ya hana matarsa zuwa asibiti har ta cutu, ya sani za a tambaye shi a kan kiwon da aka ba shi.

Tawakkali ba ya kore riƙon sababi. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.