Kifin Maski da Zafin Ruwa: Darasi Kan Kama Kifi a Sake Shi

A arewacin Amurka da kudancin Kanada akwai wani babban kifin ruwan daɗi da ake kira maski. Ana samunsa a Manyan Tafkuna, da Kogin San Lorens, da tafkunan jihohin Wiskonsin da Minesota, da lardin Ontariyo. Dogo ne mai kaifin haƙora, abincinsa kuwa sauran kifaye. Wanda ya ƙasaita yakan wuce santimita 130, nauyinsa kuma ya haura kilo 20. Mutanen Wiskonsin sun ɗauke shi kifin jiharsu tun 1955.

Yawancin masu kama shi don nishaɗi suke yi. Sukan kama shi da ƙugiya, su auna tsawonsa, sa'an nan su mayar da shi ruwa da ransa. Ƙungiyar Muskies Inc., wadda aka kafa a Minesota a 1966, tana cikin waɗanda suka yaɗa wannan al'ada.

Dalilin sakin kifin

Maski ba shi da yawa a ko wane tafki, kuma girmansa a hankali yake. Mafi girma a cikinsu mata ne, su ne kuma suke zuba ƙwai mafi yawa. Macen da ta kai santimita 125 takan yi shekara 15 ko fiye a duniya. In ta mutu, sai an jira wasu shekarun masu yawa kafin wata ta maye gurbinta. Saboda haka hukumomi suka sa doka. A tafkunan cikin jihar Minesota, alal misali, ba a yarda a tafi gida da maski ba sai ya kai inci 54, watau wajen santimita 137.

Abin da zafi yake yi

Amma fa sakin kifi bai tabbatar da cewa zai rayu ba, musamman a watannin Yuli da Agusta, lokacin da zafi ya tsananta a can. Dalilai uku ne.

Na farko, ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin da yawa. Lita ɗaya ta ruwa mai zafin digiri 10 a ma'aunin Santigireti takan riƙe wajen miligiram 11, amma a digiri 27 sai ta koma wajen miligiram 8.

Na biyu, jikin kifi yana bin zafin ruwan da yake ciki. In ruwa ya yi ɗumi, aikin jikinsa yakan ƙaru, sai bukatarsa ta iska ta hau a daidai lokacin da iskar ta ragu.

Na uku, kokawar da kifin yake yi da ƙugiya takan tara wani sinadari mai tsami a tsokarsa da jininsa. A ruwan sanyi yakan farfaɗo. A ruwan ɗumi kuwa farfaɗowar takan yi wuya. Sau da yawa masunci yakan ga kifin ya yi iyo ya tafi, ya ɗauka lafiya lau, alhali kifin zai mutu bayan 'yan sa'o'i ko kwanaki, inda ba mai gani.

Ƙa'idodin masunci nagari

1. Ya auna zafin ruwa kafin ya jefa ƙugiya. Masunta da yawa sun amince cewa in saman ruwa ya kai digiri 27, watau 80 a ma'aunin Farenhait, a bar maski ya huta har ruwa ya huce.

2. Ya yi amfani da sanda da zare masu ƙarfi, domin kokawar ta gajarta.

3. Ya sa kifin cikin babbar raga mai laushi, ya bar shi cikin ruwa yayin da yake cire ƙugiya.

4. Ya tanadi doguwar filaya da abin datse waya. In ƙugiya ta shige da zurfi, datse ta ya fi fizgar ta.

5. Ya jiƙa hannu kafin ya taɓa kifin, kada ya goge yauƙin da ke kāre fatarsa daga cuta.

6. In lalle sai ya ɗaga shi, ya tallafe shi a kwance da hannu biyu na 'yan daƙiƙoƙi kaɗan. Kada ya rataye shi ta haɓa, gama nauyinsa yana iya yi masa lahani. In ruwa ya yi ɗumi, barin ɗaukar hoto shi ya fi.

7. Ya riƙe shi daidai cikin ruwa har ya ƙwace da ƙarfin kansa.

Ya kamata mai karatu ya lura cewa a wurare da yawa ba doka ce take tilasta ƙa'ida ta farko ba. Masunci da kansa yake duba ma'auni, ya naɗe zarensa, ko da ya yi tafiya mai nisa ya kashe kuɗi. Wanda ya kama kifi cikin ruwan zafi ya sake shi yana iya zama ya kashe shi ne, bai ci namansa ba, bai kuma bar wa na baya ba. Wanda ya haƙura zuwa Satumba, sa'ad da ruwa ya yi sanyi, zai tarar da kifin yana nan.