In Ka Ba da Suna, Ka Zo Fili

Ranar da malamin wasanni ya buɗe littafi, ɗalibai kan yi dafifi wajen rubuta suna. Kowa so yake ya zama Ahmed Musa, wanda ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2010. Bayan mako uku kuwa, sai ka tarar da fili fayau.

Na san uzurin wasunku. A Sharaɗa, Chalawa da Bompai, wani daga makaranta sai kamfanin roba ko na jimar fata neman na kashewa, wani kuma kai wa Baba abinci bakin get. Neman halak ba abin kunya ba ne. Abin kunyar shi ne ɓacewa ba sallama, a bar mutum goma cikin rana suna jiran mai tsaron raga har la'asar sakaliya.

Kafin ka ba da suna, zauna da iyayenka ku duba ranakun atisaye, kada su ci karo da Islamiyya ko aiki. Zaɓi abu ɗaya, ƙwallo ko muhawara. Taura biyu ba ta taunuwa. In uzuri ya taso, gaya wa malam da bakinka tun ana gobe.

Iyaye, don Allah a rage aiken yamma ranar atisaye.