A Buɗe Wa Ɗalibai Kundin Tsarin Mulkin Da Kansa

Shawarata ga malamai da iyaye ita ce kada a bar darasin ilimin zama ɗan ƙasa ya tsaya a haddar ma'anoni don cin jarrabawar WAEC. Ɗalibin aji shida na sakandare ya kusa shekara 18, shekarun jefa ƙuri'a, kuma gyaran da aka yi wa kundin tsarin mulki a 2018 ya ba shi damar neman kujerar majalisar jiha yana da 25. Saboda haka a ɗora masa Babi na Huɗu na kundin 1999 a gabansa ya karanta da idonsa. Sashe na 35 ya ce duk wanda aka kama, a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji, a kuma kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ta dace a tazarar kilomita 40. Yaron da ya san wannan zai amfani gidansu ranar da aka tsare yayansa.

Wasu iyaye na fargabar irin wannan karatu zai sa yara fitsara da raina na gaba. Tarbiyya abar kiyayewa ce, amma kundin bai yi watsi da ita ba: sashe na 24 ya wajabta wa ɗan ƙasa mutunta haƙƙin wasu, da taimaka wa hukuma wajen tsare doka, da biyan haraji. A koyar da sassan biyu tare, a fassara su da Hausa, a yi muhawara a kansu cikin aji.