Darasin Shekara: Ruhi, Nafsi da Abin da Zakka Take Wankewa

 

Ya ku masu bayarwa da shugabannin kwamitocin masallatai, kafin ku shiga shafukan lissafi, muna so mu tsaya kan kalma guda. Bahaushe yana cewa "rai" ya nufi abubuwa da dama: rai ya yi halinsa, rai ya ɓaci, wane ya bi son rai. Alƙur'ani ya rarrabe abin da harshenmu ya haɗa.

Ruhi shi ne abin da ake busa wa ɗan tayi bayan kwana 120, kamar yadda ya zo a hadisin Ibn Mas'ud cikin Bukhari da Muslim. Da aka tambayi Annabi (SAW) haƙiƙarsa, aya ta 85 a Suratul Isra'i ta mayar da al'amarin ga Ubangiji, ta tunatar da mu ƙarancin iliminmu. A nan za mu tsaya. Zancen kurwa da ake cewa maye yana kamawa kuwa al'ada ce, ba ta da gurbi a wannan babi.

Nafsi ce abin maganarmu, domin ita ake tarbiyyantarwa. Alƙur'ani ya siffanta ta da mai yawan umarni da mummuna a Suratu Yusuf, da mai yawan zargin kanta a Suratul Ƙiyama, da mai natsuwa a ƙarshen Suratul Fajri. Malamai da yawa, har da Ibnul Ƙayyim, sun tafi a kan cewa nafsi ɗaya ce, halayenta ne suke sauyawa. Mutum guda yakan ratsa ukun tsakanin masussuka da rumbu. Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Gwandu: Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829, ya wallafa littafi kan tsarkake ɗan Adam daga ɗabi'un Shaiɗan, Tahzibul Insan.

Zakka da tazkiyya, wato tsarkake nafsi, tushensu ɗaya a Larabci. Aya ta 103 a Suratut Tauba ta danganta tsarkin ga masu dukiyar kansu. Ciwon da ake yi wa magani shi ne rowa mai haɗe da kwaɗayi, wadda Suratul Hashri ta rataya rabauta ga kuɓuta daga gare ta.

Nafsi ba ta cika cewa "kada ka bayar" ba. Ta fi wannan wayo. Manomin gero ko dawa a Dangamaji ya san kashi ɗaya cikin goma ne a kansa idan ruwan sama ya shayar kuma amfanin ya kai nisabi, wato wusuƙi biyar. Mai shinkafar rani da ya sha wahalar inji da mai, ɗaya cikin ashirin ne. Sai ta raɗa masa ya jira farashi ya daidaita, ko ya ware buhun da ƙwari suka taɓa, alhali aya ta 267 a Baƙara ta hana nufin mummuna wajen ciyarwa.

Sha'anin albasar Aliero ya fi wannan laushi. A mazhabar Malik ba a fitar da zakka daga albasar kanta, Abu Hanifa kuwa ya wajabta ushiri a kan irin wannan amfani. Hukuncin Malikiyya sahihi ne, a kansa muke. Amma kuɗin da aka sayar, idan sun kai nisabi suka shekara a hannu, zakka ta hau kansu. Nafsi takan haddace rabin farko na mas'alar ta manta na biyu. Haka ɗan kasuwar Jega mai juya haja: wajibi ne ya ƙiyasta kayan shagonsa duk shekara, ba kuɗin aljihu kaɗai ba.

Mu masu rabawa ma tana da ƙofar shigarmu. Kwamiti yakan so a ga hannunsa: a jera mabuƙata a rana, a ɗauki hotonsu da buhu a ka, a watsa a Facebook. Aya ta 264 a Baƙara ta nuna gori da cutarwa suna ɓata sadaka, kuma a ganinmu hoton bazawara tana karɓar mudun hatsi cutarwa ce, ko da ta yi murmushi. Akwai kuma sanya sunan dangi a gaba, da tsallake talakan da ba ya sallah a masallacinmu, alhali aya ta 60 a Tauba ta ƙididdige masu haƙƙi takwas ba ta ambaci ƙungiya ba.

Saboda haka muna roƙon kwamitocin Jega, Aliero da Maiyama su tantance sunaye mutum biyu-biyu, kada ɗan kwamiti ya tantance gidan danginsa, a kai rabo gida bayan magariba inda hakan ya yiwu. Shaidar da mai bayarwa yake buƙata rasit ce da sa hannun shaidu, kuma kwafinta yana ofishin sakatare ga duk mai son dubawa.