Faifai Kafin Mazubi: Nasiha ga Mai Wasan 'Yan Sojojin Tebur

 Mahaifiyarka ta shaida mini cewa ka kamu da son wasan nan na Turawa da ake jera 'yan sojoji a kan tebur, kowanne bai fi gaɓar yatsa biyu ba, ana auna tafiyarsu da rula, ana jefa ƙwayar lido don a san wanda ya yi galaba. Ta ce kayan da fam ɗin Ingila ake sayar da su, in an juya kuɗin zuwa naira sai ya fi ƙarfin aljihunka, shi ya sa kake so ka riƙa yin wasu da hannunka. Ita da damuwa ta zo mini, ni kuwa daɗi na ji. Yaron da ya ga abu a kanti ya ce bari ya gwada yi da kansa, ba a kashe masa gwiwa. Sai dai ina so ka bi abin daki-daki, kada neman araha ya ci maka kuɗi, ko lafiya, ko mutunci.

Na san hankalinka yana kan mazubi, don ka zuba runduna guda cikin mako ɗaya. Ka dakata tukuna. Ka fara da ɗan faifan da sojan yake tsaye a kai, domin shi ne ainihin abin da ake wasa da shi. Tun asali haka abin yake. A 1824 wani hafsan sojan Furusiya, Georg von Reisswitz, ya gabatar wa manyan hafsoshin ƙasarsu wasan da ake kira Kriegsspiel don koyar da dabarun yaƙi. Babu surar mutum ko ɗaya a ciki. 'Yan guntaye ne masu launin ja da shuɗi ake turawa a kan taswira, kowanne an yi shi daidai da girman filin da rundunar za ta cinye in da gaske ne. Daga baya marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da littafinsa Little Wars a 1913, ya mai da abin wasan gida da sojojin yara. Kamfanin Games Workshop, wanda hedikwatarsa take Nottingham, ya fito da Warhammer a 1983, sannan Warhammer 40,000 a 1987. Har yau a wannan wasa daga bakin faifai zuwa bakin faifai ake auna nisa. A Dungeons & Dragons kuma, wanda ya fito a Amurka a 1974, an saba ɗaukar kowane murabba'i na inci ɗaya a matsayin ƙafa biyar. Ka ga ke nan, sojan da bai yi kyau ba ana iya wasa da shi, amma faifan da ya saɓa awo yana kawo gardama tsakanin abokai, wani lokaci ma ya zama cuta ba tare da ka yi niyya ba.

Saboda haka ka buɗe littafin dokokin wasanku ka ga awon da aka ce. Yawanci za ka tarar da milimita 25, ko 32, ko 40 ga manya. Ka rubuta a takarda, ka tafi da rularka wurin masu sayar da noti, ka nemi washa, zoben ƙarfen nan da ake ɗaura noti a kai. A ganina babu abin da ya fi ta. Tana da araha, girmanta ɗaya ne ko guda ɗari ka saya, nauyinta yana hana soja faɗuwa in an girgiza tebur, kuma maganaɗisu yana kama ta, don haka in ka shimfiɗa shi a gindin gwangwanin biskit, sojojinka za su tsaya cak ko a kan babur ka ɗauko su. 'Yan wasa a Ingila kan yi amfani da kwabbansu saboda wannan dalili, tunda daga 1992 da ƙarfe ake buga su a lulluɓe da jan ƙarfe. Kai dai ka bar kuɗin ƙasa a matsayinsa na kuɗi. In faifai mai kusurwa huɗu kake bukata, ka roƙi kafinta ya ba ka guntayen falanki mara kauri da yake zubarwa. Kwali kada ka yarda da shi. Da ya sha gam mai ruwa zai lanƙwashe, kuma ba ya miƙewa.

Washa takan zo da maiƙo a jikinta. Ka wanke ta da sabulu, ka shanya, ka ɗan goge fuskarta da samfefa don gam ya samu abin kamawa, ka toshe ramin tsakiya da guntun takarda mai kauri. Ka shafa mata fenti tun kafin komai, in ba haka ba damina ɗaya za ta sa tsatsa ta ɓullo ta cikin adon da ka yi. Sannan ka liƙa sojan, ka shafa farin gam irin na kafintoci a kewayen ƙafafunsa, ka tsoma faifan cikin yashi. Yashin nan ka wanke shi, ka shanya a rana, ka tankaɗe da rariya, ka ware mai laushi da mai tsakuwa. Soja mai tsawon milimita 28, tsakuwar da ta kai ƙwayar gero dutse ce a wurinsa, don haka kada ka cika. Bayan ya bushe ka sirka gam da ruwa ka ɗiga a kai don ya kulle yashin. Ka yi fenti mai duhu, ya bushe, sannan ka ɗebi fenti mai haske a burushi, ka goge kusan duka a tsumma, ka shafa sama-sama. A nan ne ƙasar take fitowa kamar ta gaske, kuma wannan mataki shi ne wanda masu gaggawa suke tsallakewa.

Mutane kan ce araha ba ta ado. A wannan aikin ban yarda ba. Zaren tsohuwar igiya in ka warware ka yayyanka ya zama doguwar ciyawa. Busasshen ganyen shayi ya zama ganyen da ya zube a daji. Garin jan bulo ya ba ka ƙasar da kuɗi ba za su saya maka irinta ba. Abin da ake shigo da shi a 'yan robobi daga Turai, rabinsa yana zube a bayan gidanku. Abu ɗaya kawai: in za ka yi aiki da sufa gulu, ka nisanta shi da auduga, domin haɗuwarsu tana haifar da zafi har da hayaƙi, kuma ka kiyaye idonka.

To, yanzu mazubi. Wanda ya fi sauƙi shi ne mai fuska ɗaya, na abin da bayansa shafaffe ne: garkuwa, tubalin bango, ƙofa, dutse, ko shi kansa faifan da ka ƙawata kana son irinsa ashirin. Ka nemi silikon ɗin da masu haɗa tagogin alminiyam suke matsawa a bakin gilashi. Iri biyu ne, kuma wanda yake warin binega shi ne naka. Ɗayan ba zai yi ba. Ka matsa shi a kan sitacin masara, ka sa leda ko safar hannu, ka cuɗa har ya daina maƙalewa. Dalilin sitacin shi ne, silikon da danshi yake daskarewa, kuma in shi kaɗai ne sai samansa ya bushe cikinsa ya kwana da kwanaki a jiƙe. Sitaci yana kai danshin har tsakiya, shi ya sa cikin 'yan mintoci zai fara tauri. Don haka ka shirya komai kafin ka fara cuɗawa. Ka shafa wa abin da za ka kwafa basilin kaɗan, kaɗan ƙwarai, domin in ya yi yawa zai cike zanen. Ka danna, ka bar shi kamar awa ɗaya, ka ɓamɓare a hankali. A tsakar gida za ka yi wannan, ba a ɗaki a rufe ba, saboda warin yana yajin ido da maƙogwaro. Akwai kuma wata roba ta Japan da ake kira Oyumaru, wadda take laushi a ruwan zafi ta yi tauri in ta huce, ana kuma sake narka ta a yi wani mazubin. In ka same ta da sauƙi tana da amfani, amma kada ka bar ta a rana ko cikin mota.

Abin zubawa mafi araha shi ne fi'ofi, farin garin nan da ake yin silin da shi. Ruwa ake fara zubawa a kofi, sannan a barbaɗa garin a kai har ya daina nutsewa, a juya a hankali. In ka buga shi da ƙarfi iska za ta shiga, ka wayi gari da ramuka a fuskar aikinka. Bayan ka zuba, ka ɗan ƙwanƙwasa teburin don kumfa ta taso. Cikin rabin awa zai kama, amma ka ba shi kwana ɗaya ko biyu kafin fenti. Yana ɗumi in yana daskarewa, kuma in da yawa ne yana ƙuna, saboda haka kada wani ƙaninka ya ce zai tsoma hannu a kwafi yatsunsa. Ragowar kuma kada ta shiga magudanar ruwa. Fi'ofi ya dace da bango da duwatsu da kango, amma takobi ko mashi in ka yi da shi ranar farko zai karye. Irin waɗannan ƙananan abubuwa sai gam ɗin nan mai haɗi biyu da ake cuɗawa ya koma kamar yumɓu. Masu wannan sana'a a Birtaniya sun fi amfani da Milliput, da wani da suke kira Green Stuff, wanda shuɗi ne da ruwan ɗorawa, in an cuɗa ya koma kore.

Mazubi mai fuska biyu, na abin da ke da gaba da baya, sai ka ƙware a na farko. Ana binne rabin abin a yumɓun yara, a huda 'yan ramuka a gefe don ɓangarorin biyu su riƙa komawa daidai, a kwafi rabi, a juya, a shafa basilin, a kwafi ɗayan, a bar hanyar zubi da 'yar hanyar da iska za ta fita. Kafin ka gwada, ka ware safiya guda ka je wurin masu zubin tukwanen alminiyam, irin na Panteka a Kaduna, ka gaishe su da ladabi ka nemi izinin kallo. Za ka ga yadda suke danne yashi a akwati biyu, su cire tukunyar asali, su mayar da akwatin daidai ba tare da ya goce ba. Abin da za ka gani a hannunsu ya fi duk bayanin da zan rubuta maka.

Amma kallo na ce, ban ce ka narka komai ba. A nan ina so ka saurare ni da kyau. Za ka karanta cewa tsofaffin 'yan sojojin nan da dalma aka yi su, gaskiya ne, kuma wani zai ce maka ai ga tsohon batirin mota nan kyauta. Kada ka kuskura. Kamfanonin da suka yi arziki da dalma su da kansu sun bar ta. Mu kuwa ba ma bukatar a ba mu labari daga waje. A 2010 a jihar Zamfara, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma da ta fito daga duwatsun zinariya da ake daka a cikin gidaje. Wasu da suka rayu ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Dalma ba ta da wari, ba ta nuna alama da wuri, kuma ƙananan yara ta fi kamawa, su da suke wasa a ƙasa suna kai hannu baki. Gidanku cike yake da yara. Ban da haka, narkakken ƙarfe in ya haɗu da ɗigon danshi a cikin mazubi fantsama yake yi, fuska kuma ita ce mafi kusa.

Saura batun haƙƙi. Da hannunka ya faɗa, wani aboki zai kawo maka sojan kamfani ya ce ka kwafa masa goma, wani ma ya ce ku riƙa sayarwa. Ka sani bayan kowane ɗan soja akwai mutumin da ya zauna ya zana shi ya sassaƙa shi, da wannan yake ci da iyalinsa. Nisan ƙasarsa da kasancewar ba zai taɓa sani ba ba su halatta maka guminsa ba. Ka gina naka da yumɓu ko da gam, ko da farko zai fito a karkace, sannan ka kwafi naka yadda ka ga dama. Ni na fi son in ga bangon da ka tsara da kanka a kan sojan wani da ka sata da silikon. Game da yin surar abu mai rai kuwa, malamai sun yi magana, kuma sun yi bayani a kan kayan wasan yara bisa abin da aka ruwaito na 'yan tsanar Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Ka je ka tambayi malaminka da natsuwa, ka bi abin da ya gamsar da kai. Faifai da bango da gada da bishiya dai babu mai jayayya a kansu, kuma sun isa su cika maka hannu shekara guda. Kuɗi kuma kada su taɓa hawa teburin wasan, ko na shan shayi ne.

Wannan makon ka sayi washa goma kawai, kada ka sayi silikon tukuna. Ka gama su goman nan da yashi da fenti, a lokacin da bai ci maka salla ko karatu ba, ka kulle gam da reza inda ƙannenka ba za su kai ba. In sun bushe ka kawo mini in gani, sai mu yi maganar mazubi. Allah ya sa albarka a hannunka.