Atili: Itacen Daji Mai Ciyar da Gida

Gabatarwa

Ɗalibin Hausa kan san ɗorawa da kaɗanya da ɗinya tun daga aji ɗaya, amma ba kowa ya san atili ba. Dalili kuwa shi ne, itace ne na ƙasa mai yawan ruwan sama, ba ya yi a can arewa. Wannan maƙala za ta dubi atili a Kagoro ta Ƙaramar Hukumar Kaura, da irin amfaninsa a abinci.

Kamanninsa

Masana tsirrai na kiransa Canarium schweinfurthii, don tunawa da Bajamushen nan Georg Schweinfurth (1836–1925) da ya yi bincike a Afirka. Dangin hano ne, wato ararrabi, shi ya sa yake fitar da ƙaro mai ƙamshi. Yakan kai mita 40. Akwai mace, akwai namiji, macen ce ke yin 'ya'ya. 'Ya'yan sun yi kama da zaitun: kore ne tun suna ɗanye, in sun nuna sai su koma shuɗi mai duhu, ga ƙwallo mai tauri a ciki.

Amfaninsa a abinci

Ba a cin atili daga tsinka. Sai an jiƙa shi a ruwan ɗumi har ya yi laushi. A nan gwaninta take, domin in aka zuba tafasasshen ruwa, sai ya ƙara tauri, an yi asara ke nan. In ya yi laushi, a barbaɗa gishiri a ci. Haka ake sayar da shi a kasuwar Kafanchan da tashoshin mota na hanyar Jos.

Na biyu, mai. Mata kan kirɓa jiƙaƙƙen atili, su raba tsoka da ƙwallo, su ƙara ruwa, su kwashe man da ya taso, su dafa. Ana zuba shi a kan dafaffen wake ko doya. Yara kuma su fasa ƙwallon su ci abin ciki.

Kammalawa

Matsalar ita ce, masu katako na son gungumensa, dashensa kuwa ya yi ƙaranci. Itacen da ya yi shekaru kafin ya fara 'ya'ya, inji kan kayar da shi a wuni guda. In itace ya ɓace, kalmominsa kan bi shi. Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, in an je hutu a tambayi tsofaffi sunan atili a harshen gida da yadda ake sarrafa shi, a rubuta.